Dalet, Kalapanzin Da Yajin Aikin 1945: Tarihin Da Muke Wucewa Ta Gabansa Kullum

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da nake yawan ji a bakin matasanmu, musamman duk lokacin da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar tafiya yajin aiki a kan batun mafi ƙarancin albashi. Maganar ita ce wai yajin aiki baƙon abu ne a Arewa wanda iyayenmu ba su san shi ba, wai kuma Yaƙin Duniya na Biyu rigimar Turawa ce da ba ta shafe mu ba sai a littafin makaranta. Ni tsohon malamin makaranta ne, ɗan leburan reluwe, a nan Kaduna aka haife ni shekaru kaɗan bayan ƙare yaƙin, kuma abin da na tashi ina ji a zauren gidanmu ya saɓa wa wannan magana tun daga tushe.

Kwanan baya wani yaro mai Keke ya ɗauko ni daga Kawo, da muka zo wucewa ta gaban barikin Dalet sai na tambaye shi ko ya san inda sunan ya samo asali. Ya ce yana jin sunan wani Baturen soja ne. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa. Dalet da Kalapanzin, waɗanda barikoki biyu na garin nan ke ɗauke da sunayensu, wurare ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Barikin Chindit na Zariya ya gaji sunan wata runduna da ta riƙa ratsa daji tana ɓullo wa Japanawa ta baya, wadda bataliyoyi uku na sojan Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a 1944. Sunan Mogadishu da ake ji a tsakiyar garin nan kuwa tuni ne ga 1941, shekarar da sojanmu suka shiga birnin Mogadishu, suka bi Italiyawa har cikin Habasha. Da yawa daga cikin waɗannan mazaje 'ya'yan ƙauyukan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki a wancan zamani.

Baffana, ƙanen mahaifina, yana cikin waɗanda suka je Bama, kuma sai a 1946 ya dawo. Ba mai yawan magana ba ne, Allah Ya jiƙansa, amma idan damina ta yi nisa aka kwana ana ruwa, sai labarin ya taso masa. Yakan ce ruwan can ba ya ɗaukewa kamar namu, tufafi su ruɓe a jikin mutum, matsattsaku su shiga takalmi ba a sani ba sai an ga jini. Yakan ce babu hanyar mota a inda suka bi, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, sa'an nan mutum ya ɗora kaya a ka ya hau dutse cikin gora. Lambar yaƙinsa, wata 'yar tauraruwa ta tagulla mai kusurwa shida, tana cikin gwangwanin taba yake ajiye ta, kuma ban taɓa ganin ya maƙala ta a riga ba sai ranar tunawa da mazan jiya, wadda a lokacin ake yi ranar 11 ga Nuwamba.

Waɗanda aka bari a gida, ta ina suke jin abin da ke faruwa? Sashen Hausa na BBC bai fara aiki ba sai 1957, kuma akwatin rediyo abu ne na ɗaiɗaikun gidaje. Abin da talaka ya dogara da shi ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairun 1939, Malam Abubakar Imam na editanta na Hausa, da taimakon Dokta Rupert East. Ta fito ne a lokacin da jita-jita ta cika ƙasa cewa Ingila na iya miƙa wasu ƙasashen da take mulka ga Hitila domin a zauna lafiya, saboda haka tun ranar farko aikinta ya haɗa da kashe ƙanzon kurege. Mahaifina bai iya boko ba. Shi da abokan aikinsa sukan haɗa kwabo su saya, su jira wani malamin awo da ke zaune a layinsu ya idar da sallar la'asar, ya zauna a kan tabarma ya karanta musu tun daga shafin farko har ƙarshe, inda bai gamsar ba a ce ya maimaita. Ta haka mutumin da bai taɓa wuce Minna ba ya san Masar da Malaya da Rasha, kuma ta haka kakata ta riƙa kasa kunne ko za ta ji an ambaci inda ɗanta yake.

Sai dai wajibi ne mu faɗa wa matasa abin da iyayenmu suka sani ba tare da an gaya musu ba: jarida ce ta gwamnati, a lokacin yaƙi, kuma labari ba ya fita sai an tace shi. Ana ba da labarin nasara da faɗi, ana taƙaita na hasara. Wannan bai rage mata daraja a idona ba, domin wasiƙun masu karatu da take bugawa su ne makarantar farko da 'yan Arewa suka koyi faɗar ra'ayinsu a bainar jama'a, kuma irin wannan fili da nake roƙo a yau gadonta ne. Amma akwai wani ɓangare na yaƙin wanda ba sai an karanta wa kowa ba, domin a kasuwa ake ganinsa. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, yadi ya zama sai wane da wane, har mahaifiyata takan ce a shekarun nan an kai amare da yawa ɗaki da zane biyu. Gwamnati ta ƙayyade farashin gyaɗa, ita ce mai saye ta hannun kamfanoni, manomi ba shi da ta cewa. Aka kuma riƙa tara kuɗin taimakon yaƙi ta hannun En'e, ga haraji yana nan bai ragu ba.

Mafi muni shi ne abin da ya biyo bayan faɗuwar Malaya da Singafo a hannun Japan a farkon 1942. Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai ta juyo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza ala tilas, abin da mutanenmu suka sa wa suna ɗiban gwamna. Mutumin Sakkwato ko Katsina da bai san irin sanyin Jos ba, a sauke shi da riga ɗaya, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso a bukkoki, cuta ta yi ta ɗauka. Da yawa sun gudu, da yawa kuma ba su koma gida ba har abada. Ta tashar Kaduna aka wuce da wasunsu a taragu, mahaifina ya gan su da idonsa, kuma har ya bar duniya idan ya tuna da su sai ya yi shiru. Ingila ta sa hannu a yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930, amma yarjejeniyar ta bar ƙofa a buɗe ga lokacin yaƙi, ta nan aka bi.

To, ruwa ba ya tsami banza. Tun 1941 ma'aikatan reluwe suka fara kukan cewa albashi ba ya kai su ƙarshen wata, har a 1942 gwamnatin Gwamna Bourdillon ta yarda da biyan kuɗin tsadar rayuwa, wanda ma'aikata suke kira kola. Jagoran wannan fafutika, Michael Imoudu, aka tsare shi a 1943 da dokar yaƙi, ba a sake shi ba sai da Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945. Kafin nan farashi ya riga ya cinye ɗan ƙarin da aka yi. Ƙungiyoyin ma'aikata suka nemi a ƙara kashi 50 cikin 100 a kan kola, a kuma mayar da ladan lebura sule biyu da sisi a yini. Gwamnati ta amsa cewa ƙarin kuɗi ba zai haifar da komai ba sai ƙarin tsada, amsar da duk mai bin labaran yau zai ji kamar jiya aka faɗe ta. Ranar 22 ga Yunin 1945 ma'aikata fiye da 30,000 suka ajiye aiki, na reluwe da na gidan waya da na tashar jiragen ruwa da na aikin gwamnati. A Legas yajin ya kai kwana 44, a wasu larduna ya zarce haka.

A nan ne nake so masu cewa abin bai shafi Arewa ba su tsaya su duba taswira. Kaduna ce mahaɗar dogo biyu, wanda ya taso daga Legas zuwa Kano da wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan. Idan jirgi bai motsa a Kaduna ba, gyaɗar Kano ba ta isa teku. Mahaifina yana aikin zuba gawayi da kwashe toka a loko, wato ma'ajiyar kawunan jirgin ƙasa, kuma abin da ya fi tsaya masa a rai game da kwanakin nan shi ne shirun da garin ya yi. Mutanen unguwarmu da kukan jirgi suke sanin lokaci, mata su ɗora tukunya idan na Kano ya shigo, sai ga shi an wayi gari babu kuka, babu hayaƙi. Damina ce, kafin mako uku ciyawa ta tsiro a tsakanin ƙarafan dogo, awaki suna kiwo a inda a da ba mai iya tsayawa. Ba a biya su ko anini ba a tsawon lokacin. Mahaifiyata ta sayar da tasoshinta na aure guda biyu, wata mai koko ta yi ta ba su bashi ba ta taɓa tambaya ba, wani makaniki ɗan Gabas da suke aiki tare ya riƙa aiko musu da garin rogo, su kuma su aika masa da dawa.

Ba zan ɓoye ba, shugabannin yajin da yawancin ƙwararrun ma'aikata 'yan Kudu ne, domin su suka riga mu shiga boko da koyon sana'ar inji. Mahaifina ya ce akwai dattawan da suka riƙa zuwa suna yi musu nasiha cewa su koma aiki, kada su bi 'yan Ikko su jawo wa kansu fushin hukuma, kuma tsoron kora ya sa wasu sun koma tun ba a gama ba. Wannan ma tarihi ne, bai kamata a share shi ba. Amma leburan da ya riƙe yunwarsa kwana arba'in da wani abu, ba wanda zai ce masa bai san yajin aiki ba. Gwamnati ta rufe jaridun Nnamdi Azikiwe guda biyu, West African Pilot da Daily Comet, a watan Yuli saboda goyon bayan da suka ba ma'aikata. Daga ƙarshe dai aka naɗa kwamitin bincike na Tudor Davies, wanda a 1946 ya tabbatar da cewa kukan ma'aikata yana kan gaskiya, aka yi ƙarin kola.

Bayan shekara huɗu abin ya kai ga jini. Ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, suka kashe mutum 21, suka raunata 51. Kwal ɗin da waɗannan bayin Allah suke haƙowa shi ne wanda mahaifina yake ɗiba da shebur a Kaduna, saboda haka a loko ba a ɗauki abin a matsayin labarin wata ƙasa mai nisa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne wata daidaituwar kwanaki da ban lura da ita ba sai da na fara koyarwa. Kwana huɗu da fara yajin aikin, wato ranar 26 ga Yunin 1945, wakilan ƙasashe 50 suka sa hannu a kan kundin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin San Faransisko na Amurka, kundin da ya ambaci 'yancin al'ummomi na zaɓar makomarsu. Daga duk nahiyar Afirka ƙasashe huɗu ne kawai suka zauna a wurin: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. A ranar baffana yana Bama, domin Japan ba ta sallama ba sai a watan Agusta, mahaifina kuma yana zaune a gida babu albashi. 'Yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya ba da ƙarfinsa a daji, ɗaya a dogo, kuma babu wanda ya wakilce su a teburin da ake tsara duniyar bayan yaƙi.

Wannan rashin kujera ba sabon abu ba ne a lokacin. A watan Agustan 1941 Churchill na Ingila da Roosevelt na Amurka sun fitar da sanarwar da aka sani da Yarjejeniyar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da hakkin zaɓar irin gwamnatin da za ta mulke ta. Ba a yi wata guda ba Churchill ya shaida wa majalisar ƙasarsa cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi. A 1943 aka gayyaci editoci takwas na Afirka ta Yamma zuwa Ingila, cikinsu har da Azikiwe da Abubakar Imam. Azikiwe ya tsara takarda yana neman a yi aiki da yarjejeniyar a ƙasashenmu, a kai ga mulkin kai cikin shekara 15, Imam kuwa bai sa hannu ba. Har gobe ana muhawara a kan wannan mataki nasa. Ni a ganina ba tsoro ba ne, domin a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, ya zayyana masa illolin mulkin En'e da koma-bayan ilmi a Arewa ba tare da rufa-rufa ba. Ya ga cewa gyaran gida ne ya kamata ya riga, Azikiwe ya ga cewa sai an karɓi gidan kafin a gyara shi. Wannan saɓani shi ne ya bi siyasar ƙasar nan har 1960, kuma ɗalibin da bai san 1943 ba zai sha wuyar gane rigimar 1953 a kan ranar mulkin kai.

Shawarwarin da aka yanke a can nesa sun taɓa ƙasarmu ta hanyoyin da ake iya nunawa da yatsa. Da Faransa ta faɗi a 1940, Nijar ta kasance a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942, iyakar da fatakenmu suka saba ƙetarawa ta zama abin tsaro. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, wannan ne ya ba da damar jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau su riƙa sauka Kano da Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Sudan da Masar. Tsarin riƙon amana na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa shi ne ya kai ga ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961, wadda ta sa Arewacin Kamaru ta zaɓi Nijeriya ta zama Lardin Sardauna. Mutumin Mubi ɗan Nijeriya ne a yau saboda wani sashe na kundin da aka sa wa hannu a San Faransisko. Ita kanta Nijeriya sai ranar 7 ga Oktoban 1960 ta sami kujerarta, ta zama ƙasa ta 99, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi da sunanta.

Yanzu ga roƙona. Waɗanda suka ga waɗannan abubuwa da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, mu da muka ji daga bakinsu ma mun haura saba'in. Na san yadda takarda take ɓacewa, domin a gidanmu ta faru. Mahaifina ya bar wata adaka ta ƙarfe cike da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ya riƙa ajiyewa duk da bai iya karanta su ba, da katinsa na ƙungiya, da wasiƙu huɗu da baffana ya sa aka rubuta masa daga Bama. Na bar ta a ɗakin ajiya shekara da shekaru ina cewa sai na yi ritaya zan zauna in tsara su. Ranar da na buɗe, ruwa ya shiga ta ƙasa, gara ta gama da jaridun, sai ƙasa ja da gutsattsarin baƙaƙe. Wasiƙa ɗaya ce ta tsira, saboda tana cikin gwangwanin nan tare da lambar yaƙi. Na yi kuka a ranar, kuma na tabbata akwai irin wannan adaka a gidaje da yawa a Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kakuri da Sabon Garin Zariya.

Ina roƙon jaridarka ta ware ko da rabin shafi ne a mako, ta riƙa sake buga labarai da wasiƙun shekarun 1939 zuwa 1950 kamar yadda suka fito, wani masanin tarihi ya biyo da ɗan bayani a kan abin da aka faɗa da abin da aka tsallake. Kayan aikin ba nesa suke ba, ga Gidan Arewa a nan Kaduna, ga Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, ga sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Idan aka ɗauki hoton tsofaffin shafukan aka sa su a intanet, yaron nan mai Keke zai iya karanta su a wayarsa da harshen uwarsa. Ƙungiyoyin ƙwadago na jihar nan da ƙungiyar tsofaffin sojoji su ma suna da hakki a wuyansu, domin tarihin nasu ne, kuma ba zai gagare su ba su tura matasa da na'urar ɗaukar murya gidajen 'ya'yan ma'aikatan reluwe da na masaƙun Kakuri da na 'yan Bama kafin lokaci ya ƙure.

Wasiƙar baffana tana nan a hannuna. Shafi ɗaya ce da fensir, yana gaida mahaifiyarsa, yana tambayar ko an sami ruwan shuka, yana kuma cewa a gaya wa yayansa ya riƙe masa gonarsa ta bakin rafi. Idan ka buɗe wannan fili, zan kawo ta ofishinka da kaina tare da lambar yaƙin, a ɗauki hotonsu a fara da su.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.